Shagon "na gargajiya zalla" na Tudun Wada: abinda zan sake saya da wanda ba zan ƙara taɓawa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Akwai wani shagon magungunan mata a Tudun Wada nan Zariya da ake ta maganarsa a gidajen biki da wajen islamiyya, musamman tsakanin mu da shekaru suka fara turawa, waɗanda al'ada ta fara musu wasa ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ba zan kama sunansa ba, masu zuwa sun san shi. Hukuncina a taƙaice shine rabin kayan shagon masu kyau ne kuma zan sake saya, amma abinda ya fi kawo musu ciniki, wato wata kwalba da suke kira maganin manyan mata da kuma tsoratarwar da ake yi wa mutane a kan maganin asibiti, wannan kam bai kwanta min a rai ba ko kaɗan, kuma shi yasa na zauna rubuta wannan.

Abinda ya kaini shine abinda ke kai kowa. Zafin nan da ke tasowa daga ƙirji ya hau wuya ya mamaye fuska, kina zaune lafiya cikin mutane sai kawai gumi ya karyo miki, da daddare kuma ki farka rigar barci sharkaf, har a tsakiyar hunturu lokacin da kowa a gidan ya dunƙule cikin bargo ke kina neman mafici. Bazara kuwa ba a magana, watan Maris da Afrilu in aka ɗauke wuta sai dai ki fito tsakar gida ki zauna. Ga rashin barci, ga saurin fushi da yara a kan abinda bai kai ya kawo ba, ga ciwon gwiwa, ga bushewar gaba wadda ita ce ba mai son faɗa. Yawancin mata wannan lokaci yana zuwa musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba sannan ake cewa al'ada ta ɗauke. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka ya nuna zafin jikin nan yakan kai wajen shekara 7 a tsaka-tsaki, toh kinga ba abin a ce ki daure na sati biyu bane.

Bari in fara da alherinsu. Shagon tsaf yake, mata ne zalla ke aiki a ciki, akwai labule a can ciki inda zaki zauna ki faɗi damuwarki ba tare da kowa na jinki ba, kuma Hajiya mai shagon tana da sakin fuska, tana saurare, bata katse ki. Wannan ba ƙaramin abu bane wallahi, domin da yawanmu abinda ke hana mu zuwa asibiti shine layi da kunya da likitan da ke rubutu kafin ki gama magana. Kayan abincinta kuma na gaske ne. Ta buɗe min robar garin waken suya na shinshina, ƙamshin suyar sabo, babu ƙwaro babu warin ajiya, kuma a jikin murfin an manna 'yar takarda an rubuta ranar niƙa da biro. Akwai riɗi wankakke babu tsakuwa, garin zogale kore shar wanda daga gani a inuwa aka shanya shi, hulba, dabino, aya, zuma, habbatussauda. Farashin ya ɗan ɗara na kasuwar Sabon Gari amma tsaftar ta biya bambancin.

Matsalar ta fara ne da na ce mata ina tunanin ganin likitan mata a kan maganin homon, wato maganin asibiti da ke mayar wa jikin mace sinadaran da ke raguwa in al'ada ta ɗauke. Nan take ta dafa hannuna tace, "Hajiya don Allah kar ki yarda su ɗora ki a kansa, kansar mama yake kawowa, turawan da suka yi shi ma sun gudu sun barshi, kuma kin san daga fitsarin doki ake yinsa?" Wata baiwar Allah da ke zaune gefena har da salati. Ni malamar bayoloji ce a sakandare, kuma kafin in je na karanta abin na kuma tambayi likita, saboda haka na san inda maganar ta samo asali, kuma gaskiya ba ƙarya ce tsagwaronta ba, rabin gaskiya ce, ita ce kuma ta fi wahalar warwarewa.

Batun fitsari gaskiya ne ga wani nau'i. Akwai tsohon magani mai suna Premarin da aka fara sayarwa a Amurka tun 1942, istirojin ɗin da ke cikinsa, wato babban homon na mata, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. Batun kansa shima yana da tushe. A 1975 likitoci suka gano cewa macen da ke da mahaifarta in tana shan istirojin shi kaɗai, bangon mahaifar yana ta kauri har ya iya zama kansar mahaifa, shi yasa aka koma haɗa shi da homon na biyu mai kare mahaifa. Sai kuma babban binciken da ya girgiza duniya, wanda ake kira WHI, a Amurka. Mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79, an ba wasu haɗin istirojin na goɗiya da wani furojestin na roba, wato homon na biyun nan, mai suna medroxyprogesterone, wasu kuma aka basu ƙwayar da ba komai a ciki. A watan Yulin 2002 aka tsayar da wannan ɓangare kafin lokacinsa saboda an ga illa. A cikin kowace mata 10,000 masu shan maganin, a shekara guda an samu ƙarin mutum 8 masu kansar mama, ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu huhu, ƙarin 7 masu ciwon zuciya. Ta ɗaya gefen kuma an samu ragin mutum 6 a kansar hanji da ragin 5 a karayar ƙugu. Bayan wannan sanarwa mata da yawa a ƙasashen turawa sun ajiye maganin, nan Hajiya ta yi daidai.

Amma ku duba lissafin da kyau. Ƙarin mutum 8 cikin 10,000 a shekara haɗari ne na gaske, ban raina shi ba, ran mutum ɗaya ma ba abin wasa bane, sai dai ya sha bamban da a ce duk wadda ta sha zata kamu da kansa kamar yadda ake faɗa a bayan labulen nan. Sannan abinda ba a faɗa a shagon: matan binciken nan matsakaicin shekarunsu 63 ne, da yawansu al'ada ta ɗauke musu fiye da shekara 10 kafin a fara basu maganin, jijiyoyin jininsu sun riga sun tsufa. Ɗaya ɓangaren binciken kuma, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa waɗanda aka ba istirojin kaɗai, da aka tsayar da shi a 2004 saboda shanyewar ɓarin jiki ne, kansar mama bata ƙaru a cikinsu ba. Wannan ya sa hankalin masana ya koma kan furojestin ɗin roba a batun kansar mama, da kuma tsawon shekarun da mace ta yi tana sha. Matsayar da ƙungiyoyin likitocin mata suke kai yanzu ita ce, mace 'yar ƙasa da shekara 60 ko wadda bata wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, in zafin jikin ya dame ta kuma bata da wani ciwo da ya hana, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa. Kuma har yau ba abinda ya kai shi kashe wannan zafin da gumin daren.

Kuma ba duka homon ne iri ɗaya ba, wannan shi na fi so mata su riƙe. Akwai estradiol wanda ƙirarsa daidai take da wanda jikin mace ke yi da kansa, yana zuwa a filasta da ake mannawa a fata ko jel na shafawa, kuma tunda baya bi ta hanta kamar ƙwayar haɗiya, haɗarin daskarewar jini ya fi sauƙi sosai. Akwai furojestaron shima mai kama da na jiki, irin Utrogestan. Akwai kuma ɗan kirim ko ƙwayar matsi mai ƙaramin ƙarfi don bushewar gaba kaɗai, wanda abinda ke shiga jini daga cikinsa ɗan mitsitsi ne. Waɗannan fa ba daga fitsari suke ba, daga sinadarin tsirrai irin su waken suya da doyar daji ake sarrafa su a masana'anta. Toh ina layin da Hajiya ta ja tsakanin na Allah da na bature?

Akwai waɗanda bai kamata su kusanci homon ba sai da cikakken binciken likita ko ma sam: wadda ta taɓa kansar mama ko ta mahaifa, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, mai ciwon hanta mai tsanani, da wadda ke ganin jinin da ba a san dalilinsa ba. Mai hawan jini sai an fara daidaita shi. Don haka ni ban ce kowa ta ruga kemis ba, hasali ma wannan ɗabi'ar tamu ta shiga kemis a ce "a bani na gyaran al'ada" a miƙo miki katin ƙwaya ba awo ba tambaya ita ce babban haɗarin. Abin mamaki matan da ke salati in an ambaci homon, su ne dai ke sayen Primolut duk azumi ko lokacin tafiya Hajji don a tsayar da jini, shima fa homon ɗin roba ne kuma shima yana da haɗarin daskarewar jini, ga dogon zama a jirgi, ba mai tambayar kowa.

Waɗanda tsoratarwar nan ta fi cutarwa su ne 'yan mata-matan da al'ada ta ɗauke musu kafin shekara 40, ko waɗanda aka cire musu ƙwayayen haihuwa a wajen tiyata. Su kam jikinsu ya rasa abinda ya kamata yana da shi na tsawon shekaru masu yawa, ƙashinsu na zaizayewa da wuri, zuciya ma na shiga haɗari, kuma shawarar likitoci ita ce a mayar musu da homon ɗin har su kai shekarun da al'ada ke ɗaukewa ga sauran mata. A ce wa irin wannan yarinya ta ajiye maganinta ta koma kan hulba, wallahi zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka faɗa.

Yanzu ga kayan da ta jera min a madadin. Waken suya na yarda da shi. Yana ɗauke da wasu sinadarai da ke ɗan kwaikwayon istirojin a jiki, da rauni dai, kuma bincike ya nuna yana iya rage yawan zafin jikin ga wasu mata, ba kowa ba, kuma sai an jure makonni ana ci. Mu a nan ai Allah ya hore mana, ana noma shi a ƙauyukan da ke kewaye da mu, awara ko wane lungu da yamma, daga Gyallesu har Samaru. Ni na koma dama kunu da garinta da safe, awara kuma na rage soyawa cikin mai ina sakawa a miya. Gumin daren bai tafi ba amma ya yi sauƙi, barcin ya ɗan gyaru. Riɗi da zogale da nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu suna da sinadarin gina ƙashi, wannan amfani ne na gaske a shekarunmu, amma zogale baya kashe zafin jiki, kar a ɗora masa abinda baya yi. Fita hantsi a sha rana da tafiyar ƙafa suma ƙashi na buƙatarsu, mu da muke wuni a ɗaka ko cikin hijabi har ƙasa ya kamata mu kula da wannan. Rage shayi mai zafi da yaji da daddare, rage ƙiba, sa kayan auduga marasa nauyi, duk suna taimakawa kuma ba ko sisi.

A kan kantar gilashi kuma akwai na ƙasar waje. Wata roba an rubuta Black Cohosh, saiwar wani tsiro ne na Arewacin Amurka. Gwaje-gwajen da aka yi a kansa basu tsaya kan magana ɗaya ba, wasu sun ga ɗan amfani wasu basu ga ya fi ƙwayar banza ba, kuma tun 2006 hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi a kan illarsa ga hanta. A ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa irin tamu, kuma da yawa basu ma san suna ɗauke da shi ba, ba a tambaye ni komai a kan hantata ba kafin a miƙo min. Sai wani kirim na doyar daji da tace furojestaron ne na asali. Gaskiyar ita ce daga doyar daji ta ƙasar Meziko masana suka fara sarrafa furojestaron tun shekarun 1940, amma a ɗakin haɗa magani ake wannan juyin, jikin mutum baya iya yinsa, ki shafa har robar ta ƙare ba zai zama homon ba.

Kwalbar maganin manyan matan ita ce ta fi tsaya min. Robar ruwan sha ce da aka sake amfani da ita, ruwan ciki baƙi-baƙi mai kauri da gari kwance a ƙasa, takardar jiki an buga ta da hoton fure da jerin cututtuka kusan goma, amma babu sunan abu ko ɗaya da aka haɗa, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC. Nace Hajiya me da me ke ciki, tace sirrin gida ne, gadon kakarta. Ina girmama gado, kakannin mu sun san itatuwa, amma abinda zan zuba a cikina safe da yamma ina da haƙƙin sanin ko menene. Ko lambar NAFDAC ɗin ma, irin ta maganin gargajiya mai L a ƙarshe, shaida ce ta an duba lafiyar shansa, ba shaidar yana warkar da abinda aka rubuta ba, balle wanda bashi da ita kwata-kwata. Wata maƙwabciyata ta sha shi, a 'yan kwanakin farko tana ta yabo, ciwon gwiwa ya ɗauke kamar an zare ƙaya, ga cin abinci, daga baya sai fuska ta fara cika ta yi zagaye, sugarta ya hau. Tambayar farko da likita ya yi mata ita ce me kike sha, domin alamomin irin na masu shan sha-ka-fashe ne, wato dexamethasone. Shima fa dangin homon ne, na roba, kuma shi ne wanda ke cinye ƙashi ya tada suga da hawan jini, ba a kuma yanke shi lokaci guda sai a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Mace ta gudu daga filastar da aka auna mata ta faɗa kan abinda ba wanda ya auna.

Na matsi ma haka. An nuna min wani ƙulli na gari wai yana dawo da ni'ima. Fatar wajen a wannan shekarun ta riga ta yi siriri tana saurin tsagewa, duk wani abu mai kanwa ko alif ko yaji ƙara busar da ita zai yi ya jawo ƙuna da ƙaiƙayi. Man sulɓi mai ruwa-ruwa na kemis irin K-Y ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba, in bai isa ba a nemi kirim ɗin likita.

Abinda ya sa na kasa yin shiru kuwa shine wannan. Ina zaune wata dattijuwa ta shigo da jikarta, tace wa Hajiya shekararta wajen huɗu rabonta da al'ada sai gashi kwanan nan tana ganin jini kaɗan-kaɗan. Yarinyar shagon ta yi dariya tace, "Mama ai ƙuruciya ce ta dawo, jikinki ne ke wanke kansa," aka ɗauko mata kwalba. Inna lillahi. Jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ɗigo ɗaya ne, abin zuwa asibiti ne a duba mahaifa. Sau da yawa ba wani mugun abu bane, sirantar fata ce ko ɗan tsiro, amma shine alamar farko ta kansar mahaifa da ta bakin mahaifa, kuma in aka kama da wuri ana warkewa. Na bita waje wajen da take jiran Keke nace Mama don girman Allah ki je asibitin koyarwa na Shika ko duk asibitin da ke da likitan mata a yi miki hoto, kar ki tsaya sai kin gama kwalbar. Ta ce toh 'yata, Allah ya yi albarka. Na koma na faɗa wa Hajiya ita ma, cikin mutunci, ta saurare ni tace zata ja wa yaran kunne, ina fatan ta yi.

Ga wadda homon bai dace da ita ba ko ita ce dai bata so, asibiti na da wasu hanyoyin da ba homon ba, wannan ma ba a sani ba sosai. Akwai magunguna irin venlafaxine da gabapentin da likita kan rubuta a ƙaramin awo su rage zafin jikin, sai dai suna da nasu illolin kuma ba na saye kai tsaye bane. In zaki je, ki tafi da duk abinda kike sha a jaka, har da na gargajiya da na islamik kemis, ki faɗi in akwai mai kansar mama a danginku, ki nemi a auna jininki a duba mama, ki kuma tambaya ko akwai na mannawa ko na shafawa maimakon na haɗiya. In an ɗora ki a kai, duk shekara a koma a sake dubawa ko har yanzu kina buƙata.

Shagon dai zan koma don garin waken suya da riɗi da zuma, kuma ki je da safe kafin azahar in kina son samun Hajiyar da kanta, da yamma yaran ne kawai kuma cunkoso ya yi yawa. Suna karɓar tiransifa. Kwalbar da ƙullin matsin kuwa ko kyauta aka baki a matsayin gyara, ki ce a musanya miki da dabino.